Hattara da bidiyo mai ƙaryar awo

Daga kasuwar Jibiya zuwa ta Maigatari, daga Agadas har Sabha ta ƙasar Libiya, ciniki ya koma waya. Mai kaya ya ɗauki bidiyon buhunan dabino ya tura, mai saye ya gani ya taya. Idan a Facebook aka ɗora shi, manyan kwamfutocin intanet da ake kira saba ne ke fara buɗe shi su rage masa nauyi. Idan kuwa ta WhatsApp ne, wayarmu ce ke buɗewa. To, a wajen buɗewar nan ne ɓarayin zamani ke yin haƙo.

Kowane bidiyo yana ɗauke da bayanin girman sassansa, tamkar takardar lodi a hannun direba. Kwamfuta kan tara waɗannan alƙaluma domin ta san faɗin wurin da za ta tanada. Sai dai gurbin lissafinta yana da iyaka. A tsarin da aka daɗe ana amfani da shi, ba ya wuce 4,294,967,295. Da an ƙara 1 sai ya koma 0, kamar mitar tsohuwar gingimari idan ta cika. Macuci sai ya rubuta ƙaton adadi da gangan, jimla ta juye ta zama 'yar kaɗan, kwamfuta ta tanadi mudu alhali buhu za a zazzage. Abin da ya malala sai ya danne wasu bayanai, kuma a cikinsa ne macucin ke ɓoye umarninsa.

Wannan ba tatsuniya ba ce. A 2015 wani masani mai suna Joshua Drake ya bankaɗo irin wannan ɓaraka a wayoyin Android, wadda aka laƙaba wa suna Stagefright, aka kuma ƙiyasta ta shafi wayoyi kusan miliyan 950. A 2018 masu manhajar nginx, wadda ɗimbin saba ke aiki da ita, sun toshe wata kafa a sashen da ke sarrafa bidiyo. A watan Satumba na 2022 kamfanin WhatsApp ya bayyana gyara kurakuran lissafi guda 2, ɗaya a kiran bidiyo, ɗaya a bidiyon da ake turowa.

Maganin abin a wajen masu rubuta manhaja sananne ne: a duba iyaka kafin a tara, a faɗaɗa gurbin lissafi, a kuma yi watsi da duk sashen da ya ce ya fi bidiyon kansa girma, kamar yadda ba ma yarda da takardar lodi sai mun ƙirga buhu.

Namu aikin kuwa bai fi uku ba. Mu riƙa sabunta waya da manhajojinta ko da data za ta ci, domin ta nan gyaran ke isowa. Mu kashe saukar da bidiyo kai tsaye. Wayar da kamfani ya daina aiko mata da gyara kuma, kada mu bar asusun banki a cikinta. Kuɗin data bai kai na jari ba.