Rokar takarda da robar lemo

Da hutun nan na tara ƙannena a Bagudo, har da ɗan kawuna daga Lolo, bakin iyakar Benin, muka haɗa roka.

Ga yadda ake yi: ka naɗe takarda a bakin guntun tiyo, kada ta matse. Ka toshe kanta da salatif, ka manna fukafukai uku a gindinta. Ɗaya bakin tiyon ka ɗaura wa robar lemo da aka shanye, sai ka taka robar da ƙarfi. Iskar da ta matsu ce ke cilla rokar sama.

Tamu ta farko ko motsi ba ta yi ba. Auta ce ta gano iska na zurarewa ta kai, muka liƙe, ta wuce rufin ɗaki.

Ku gwada a fili, banda saitin fuskar kowa.