Elden Ring: yadda ake gina jarumin da zai tsallake Margit

A ɗakunan wasan bidiyo na Yamai, daga Bukoki har Yantala, ƙwallon ƙafa ce ke da kasuwa: minti goma, wanda aka ci ya biya, ya miƙa manet ga na gaba. Elden Ring ba irin wannan ba ne. Wasa ne na gida, na mai PlayStation 4 ko 5, Xbox ko kwamfuta mai ƙarfi, kuma yana cin awoyi da dama kafin a ga ƙarshensa. Kamfanin FromSoftware na ƙasar Japon ya fitar da shi ranar 25 ga Fabrairu 2022 a ƙarƙashin jagorancin Hidetaka Miyazaki, marubucin Amurka George R. R. Martin ne ya tsara tarihin duniyar wasan, kuma a Disamban shekarar aka ba shi kambin wasan shekara a bikin The Game Awards. Matsalarsa ɗaya ce: babu inda ake zaɓen "mai sauƙi". Mutum ya zuba kuɗinsa ya sayi faifai, a kashe shi sau talatin a wuri guda, ya mayar da faifan kwali. Galibi ba rashin iya hannu ne ya jawo ba, tun wajen gina jarumin aka yi kuskure.

Da farko wasan yana ba ka zaɓi cikin jarumai goma. Sabon shiga ya ɗauki Vagabond ko Samouraï. Vagabond yana zuwa da sulke, takobi da garkuwar da ke tare saran ƙarfe gaba ɗaya, amma akwai tarko a tattare da shi: kayan da ke jikinsa sun yi masa nauyi tun daga farko. Cire dogon mashin nan mai bakin gatari daga hannunsa, nan take za ka ga ya sake. Dokar ita ce nauyin kaya kada ya kai kashi 70 cikin 100 na abin da jarumi ke iya ɗauka. In ya haura, mirginawar da zai yi don kauce wa sara sai ta zama ta buhun gero. Samouraï kuwa yana da baka da takobin Uchigatana, wanda in ka jera wa abokin gaba sara da shi jini yakan ɓalle masa, ya yi asarar lafiya mai yawa lokaci guda. Wannan takobi kaɗai ya isa kai mutum ƙarshen wasa.

Duk abin da ka kashe yana ba ka rune, su ne kuɗi, su ne kuma abin ƙara matsayi. Akwai fannoni takwas da za ka iya zuba su, kuma nan ne akasarin ƴan wasa ke ɓata. Kowa yana son ƙarfin sara, sai ya tura komai a Force ko Dextérité. A farkon wasa wannan asara ce, domin maki biyar a can ba su ƙara wa takobi wani abin kirki. Zuba su a Vigueur, wato yawan lafiya. Mai maki 10 yana da lafiya 414, mai maki 40 yana da 1450, mai 60 kuma 1900. Ka ga daga 40 riba ta fara raguwa, daga 60 kuwa kusan babu ita. Shawarata: ka ba Force da Dextérité iya abin da makaminka ke nema kafin ya riƙu, sauran duk su tafi Vigueur har ta kai 40, da ɗan abin da za ka yafa wa Endurance. Ka kuma sani in ka riƙe makami da hannu biyu, wasan yana lissafa Force ɗinka da ƙarin rabi, mai 12 ya koma kamar mai 18.

To daga ina ƙarfin sara zai fito? Daga maƙeri. Duwatsun ƙira da ake haƙowa a ramukan ma'adinai su ne ke ɗaga makami, na yau da kullum har mataki 25, na musamman har 10. Ramukan suna bayyana a taswira kamar ɗan baƙin rami mai jan baki. Zaɓi makami ɗaya ka tsaya a kansa, kada ka raba duwatsu kan takubba huɗu.

Sai maganar hanya. Kana fitowa filin Nécrolimbe za ka ga wani mahayi cikin sulken zinariya, Sentinelle de l'Arbre. An ajiye shi a nan ne don ya koya maka cewa ba kowane faɗa ake shiga ba. Kewaye shi. Haka ma hasken da ke nuna hanya yana jan ka kai tsaye zuwa fadar Voilorage, inda Margit le Déchu ke tsare da gada, kuma nan ne faifai da yawa suka koma kwali. Kada ka bi hasken tukuna. In Melina ta ba ka doki, Torrent, koma majami'ar Elleh da dare, wata mata mai suna Renna za ta ba ka ƙararrawar kiran mataimaka da kyarkeci uku. Daga nan yi kudu, tsallaka gada zuwa Péninsule larmoyante. Maƙiyan can ba su da zafi sosai, kuma majami'u uku na yankin kowace tana da abin da ke ƙara wa kwalbar maganinka ƙarfi. Ƙananan itatuwa masu ƙyalli da ke bakin hanya kuwa suna ba da irin da ke ƙara yawan kwalaben.

Game da mataimakan nan, akwai masu cewa kiransu ragwanci ne. Ban yarda ba. Waɗanda suka yi wasan su suka sa ƙararrawar a ciki, kuma wanda ke da aiki da iyali ba shi da daren da zai ƙarar a kan dodo guda.

Shi Margit, wanda ya saba kallon kokowa a filin Yamai zai gane dabararsa da wuri. Kamar gwanin da ke kai hannu ya janye don abokin karawa ya motsa ƙafa, haka yake ɗaga sandarsa ya riƙe ta a sama, sai ka tsorata ka mirgina, kana tashi ta sauka a kanka. Maganinsa shi ne ka daina kallon ɗagawar, ka jira saukowar. Kuma ka mirgina zuwa wajensa, ta gefensa, ba baya ba. Lokacin mirginawa akwai ɗan taƙi da sara ba ya kama ka, wanda ya ja baya kuwa yana nan cikin tsawon sandar. Sara ɗaya ko biyu, ka janye. Layin nan kore na numfashi kada ka bari ya ƙare, domin in ya ƙare ba sara, ba kaucewa. Kada ka sha magani don kawai lafiya ta ragu, bari sai ya gama jerin saransa. Mai garkuwa yana da wata dabara da wasan ya zo da ita: da zarar ka tare sara, danna R2, jarumin zai rama da bugu mai nauyi. Bugu irin wannan, da wanda ake yi daga tsalle, su ke karya tsayuwar abokin gaba har ya durƙusa ka soke shi. A bakin ƙofar faɗan akwai alamar zinariya a ƙasa ta kiran Rogier ya taya ka. In duk da haka ya gagara, wani mayaudari mai suna Patches, a kogon da ke rafin arewa da tafkin Agheel, yana sayar da wani mari a rune 5000 wanda ke danne Margit a ƙasa na ɗan lokaci. Sai dai in ya far maka ya nemi afuwa, ka ƙyale shi da rai, in ba haka ba ka kashe mai kanti.

Masu son yaƙi daga nesa su ɗauki Astrologue, su zuba maki a Intelligence da Esprit, amma dokar Vigueur tana kansu su ma. Wanda ya riga ya raba makinsa barkatai bai yi asarar wasansa ba: bayan an ci Rennala a makarantar Raya Lucaria, tana sake raba su, muddin ka kawo mata abin da ake kira larme larvaire.

Abu biyu da suka shafe mu a nan. Wasan ba ya tsayawa in ka buɗe jerin kaya, saboda haka kada ka ajiye manet sai kana zaune a site de grâce. Kuma da yake wuta takan ɗauke, musamman a watannin zafi, ka riƙa kashe rune ɗinka da zarar sun isa ƙara matsayi, ka kuma fita ta hanyar menu in ka gama, kada ka kashe na'ura kai tsaye. Ba ya buƙatar intanet bayan an sauke gyare-gyarensa. Ga iyaye kuma, a Turai an ware shi ne ga ƴan shekara 16 zuwa sama, saboda jini da dodanni. Ƙarin da aka yi masa, Shadow of the Erdtree, wanda ya fito ranar 21 ga Yuni 2024, kada ka saye shi yanzu: ƙofarsa ba ta buɗewa sai ka kayar da Radahn da Mohg, kuma dukansu suna can gaba da Margit nesa.