Yadda ake gyara rana a agogon hannu, kada kasuwa ta wuce mu

Jama'a masu saurarenmu a Tasawa da Mayahi, da 'yan uwa na ƙetare, yau batunmu agogo ne. Mu nan da ranar kasuwa muke lissafin mako: Tasawa tana ci Lahadi, Maraɗi Litinin da Juma'a. Wanda agogonsa ya ce masa yau Asabar alhali Lahadi ce, to sai akuyarsa ta jira wani makon.

Farko mu gane rubutun. Agogo da yawa da Faransanci yake zuwa: LUN Litinin, MAR Talata, MER Laraba, JEU Alhamis, VEN Juma'a, SAM Asabar, DIM Lahadi. A kula, MAR ɗin nan ba watan Maris ba ne. Na Ingilishi kuma FRI ce Juma'a, SUN Lahadi. Irin Seiko 5 yana ɗauke da harshe biyu a faifai guda, kuma wanda alhazai ke kawowa daga Saudiyya sau da yawa da Larabci a ciki.

Ga yadda ake yi. A ja ɗan maɓallin gefe a hankali har ya yi ƙas sau ɗaya. In an murza ta wani gefen kwanan wata ya juya, ta ɗaya gefen kuma rana. A tsaya a harshen da ake so, agogo zai ci gaba da shi. Amma kada a taɓa shi daga ƙarfe 9 na dare zuwa 4 na asuba. Lokacin haƙoran ciki sun kama faifan suna juya shi, in aka tilasta sai su karye.

In rana na canzawa da tsakar rana, agogon ya ɗauki rana dare ne. A juya hannuwansa gaba awa 12, shi ke nan. Kwanan wata kuwa kullum sai ya kai 31, don haka ƙarshen Fabrairu, Afrilu, Yuni, Satumba da Nuwamba sai an tura shi da hannu.

Agogon zamani mai hoton hannuwa a gilashi, shi daga waya yake karɓar rana. Wayar za a gyara. 'Yan uwa masu aiko mana da shi, ku tuna Saudiyya na gabanmu da awa 2, Libiya awa 1, Ghana da Kodibuwa kuma muna gabansu da awa 1. Najeriya da Aljeriya lokacinmu ɗaya.

Abu na ƙarshe: agogo na canza rana da ƙarfe 12 na dare, mu kuwa tun magariba muke shiga sabon dare. In an ce walima daren Juma'a ce, agogo ALHAMIS yake nufi, wato JEU ko THU. Ku gaya wa tsofaffinmu da ba sa karatu. Allah ya ba mu sa'ar kasuwa.