Lanƙwasar Gaba da Maganin Bugun Amo



Hausawa sun ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Amma akwai wata larura ta maza wadda kunya ta hana mu ko raɗa mata suna. A ƙasar Gobir, daga Sabon Birni har Isa, idan magidanci ya ga gabansa ya lanƙwashe, sai ya ce sanyi ne, ko kuwa sammu aka yi masa, ya nufi mai maganin kasuwa a asirce. Maƙasudin wannan lacca shi ne bayyana larurar, da kuma auna wani magani na zamani da ake yayatawa a kanta.

Likitoci na kiranta da sunan wani Bafaranshe, François de la Peyronie, likitan Sarki Louis na 15, wanda ya bayyana ta a 1743. Asalinta kuwa tabo ne. Akwai wata farar tantani mai ƙarfi da ta naɗe sassan gaba da jini ke cikawa. Idan ta sami ɗan rauni, galibi wajen saduwa, takan warke da tabo mai tauri wanda ba ya miƙewa. To, in gaba ya tashi, sai ya karkata wajen tabon, sau da yawa tare da zafi. An fi ganinta ga manyan magidanta da masu ciwon sukari.

Maganin da muke magana a kai shi ne bugun amo, watau na'urar da ke harba amo mai ƙarfi ta cikin fata, ba tare da yanka ba. An fara amfani da ita a birnin Munik na Jamus a 1980 don farfasa tsakuwar ƙoda. Daga nan wasu suka yi zaton za ta farfasa wannan tabo ma. Sai dai tabo nama ne, ba tsakuwa ba.

A 2009 likitoci a Nafoli ta Italiya suka gwada ta a kan maza 100: rabi aka yi musu bugun gaske sau huɗu, mako-mako, rabi na ƙarya. Zafi ya ragu ga waɗanda aka yi wa na gaske, amma lanƙwasa ba ta miƙe ba. Saboda irin wannan sakamako, ƙungiyar likitocin mafitsara ta Amurka ta yanke a 2015 cewa ana iya yin sa don rage zafi, amma ban da gyara lanƙwasa. Bugu da ƙari, zafin kan lafa da kansa cikin shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Lanƙwasar da ta tsaya, ta kuma hana saduwa, tiyata ce mafi tabbacin gyaranta.

Saboda haka, Bagobirin da ke shirin sayar da akuya ko buhun gero don wannan na'ura, ya fara tuntuɓar likitocin mafitsara a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, ya tambaya ƙarara: zafi za a rage mini, ko miƙewa za a yi? Duk wanda ya yi masa alkawarin miƙewa da amo kaɗai, to ya riƙe kuɗinsa.