Faran 600 na Jerbez: labarin mai wankau ta Paris da asusunta

Ƴan uwa mata, akwai wani tsohon littafi na Faransanci da ya kamata duk mai zubin adashi ta ji labarinsa. Sunansa L'Assommoir, wato gidan giya, wanda Emil Zola ya fitar a 1877. Labarin ƙirƙira ne, amma unguwar da ya faru ta gaske ce: Gut-Dor, unguwar talakawa a arewacin Paris, inda yau ma ƴan Afirka da yawa ke zaune.

Jerbez mai wankau ce, shekarunta 22, da ƴaƴa biyu maza. Uban yaran, Lantiye, ya gudu da wata ya bar ta a ɗakin haya ba ko sisi. Burinta bai taka kara ya karya ba: ta samu aiki, ta ci abinci, ta sami ɗan wurin kwana, ta yi renon ƴaƴanta, kada a doke ta, in ajali ya zo ya same ta bisa gadonta.

Ta auri Kupo, mai aikin rufin kwano. Shekara huɗu suna ta fama, har suka tara faran 600 na wancan zamani, da niyyar ta buɗe shagon wanki da guga. Ana cikin haka Kupo ya faɗo daga saman gini ya karye. Jerbez ta ƙi a kai shi asibiti, ta yi jinyarsa a gida, jinya kuwa ta cinye kuɗin kaf.

Wani maƙeri mai kirki, Guje, ya ranta mata faran 500 da ya ajiye don aurensa. Shago ya buɗe, ciniki ya kankama, har ta ɗauki ƴan aiki. To amma Kupo, tun da ya warke, ya saba da zaman banza da kwalba. Kullum hannunsa na cikin kuɗin ciniki. Lantiye ma ya dawo ya tare a gidan, ya zama baki biyu na ƙarti take ciyarwa. Ita kanta ta shiga yin walimar da ta fi ƙarfinta don a gani a faɗa, tana kai kayan ɗaki jingina. Bashi ya yi katutu, shago ya kuɓuce, duka ya shigo gida, ƴarta Nana ta bi titi.

A gidan hayar nan akwai mashayi Bijar, wanda ya shuri matarsa har ta mutu. Ƴarsa Lali, mai shekara takwas, ita ta ɗauki renon ƙannenta, shi kuma yana zabga mata bulala har ita ma ta cika. Maƙwabta na jin kuka ta bango, in ban da Jerbez da ke ɗan shiga tsakani, ba mai tankawa. Ƙarshe Kupo ya mutu a gidan mahaukata, Jerbez kuma ta mutu da yunwa a wani lungu ƙarƙashin matakala, sai wari ne ya sa aka gano gawarta.

Kun ga, Jerbez ba raguwa ba ce, kuma ta iya tari. Abin da ta rasa shi ne taron mata a bayanta. Kuɗinta na wuri guda, na jari da na ciwo duk a haɗe, kuma maigida ya san inda suke. Bashinta na hannun mutum ɗaya mai jin kunyar tambaya.

Abin da tsarin Mata Masu Dubara, wanda CARE ta fara a jihar Maraɗi a 1991, ya zo ya toshe ke nan: akwati mai kwaɗo uku, zubi kowane mako a gaban kowa, da asusun taimako dabam don ciwo da gobara. Sai dai fa akwati ba ya jin kukan Lali, mutane ne ke ji. In wata ta fara fashin zubi, ko ta zo taro da kumburin ido ta ce ƙofa ce ta buge ta, tara kawai za mu ci ta, ko za a tura dattijuwa biyu su je su gaishe ta a gida? Shugabanni, a sa wannan cikin maganar taron wannan mako.