Tsohuwar Gadar Makurdi

Duk wanda ya saba bin hanyar Lafiya zuwa kudu ya san inda Kogin Binuwai ke tare masa gaba a Makurdi. Yau direba kan bi sabuwar gada ya wuce ko waige babu. Can gefe kuwa tsohuwar tana nan, ƙarfe kan ƙarfe, ta doshi shekara ɗari.

Ba don tausayin masu fito a kwalekwale Turawa suka gina ta ba. Kwal ne sila. An gano shi a Udi a 1909, aka shimfiɗa dogo daga Fatakwal ya iso Inugu a 1916. Daga nan aka miƙa da dogon arewa, don kwal ya kai ga jiragen ƙasa da ma'aikatun kuza na Jos, kuza kuma ta gangara bakin teku. Zuwa 1927 layin ya haɗe da Kaduna ta Kafanchan, amma da giɓi a tsakiya: Binuwai.

To, yaya jirgi ke ƙetarewa? Sai a kwance taragai, a tura su kaɗan-kaɗan cikin wani ƙaton jirgin fito mai dogo a bayansa, a haye da su, a sake ɗaurawa a waccan gaɓar. Kogin kuma ba ya zama wuri ɗaya. Da damina ya cika ya batse, da rani ya janye ya bar tudun yashi. Aikin ya zama wahalar da ba ta ƙarewa.

A 1928 aka fara ginin gadar, aka damƙa shi ga kamfanin Sir William Arrol na Glasgow, wanda ya yi shahararriyar gadar jirgi ta Forth a Sikotilan. Abin da ido ke gani, wato ƙarafan sama da aka ɗinke da ƙusoshi masu zafi, ba shi ne mai wuya ba. Wuyar tana ƙarƙashin ruwa. Yashi ba ya riƙe ginshiƙi, dole a nutsa har a taɓa ƙasa mai ƙarfi. Akan saukar da wani ƙaton akwatin ƙarfe marar gindi, a hura masa iska da ƙarfi don ta kore ruwa, leburori su shiga ciki suna haƙa, akwatin yana nutsewa da su sannu a hankali. Zafi, duhu, ga kunne na toshewa. Sunan kamfani ya shiga littafi, nasu bai shiga ba.

Ranar 24 ga Mayu, 1932, Gwamna Donald Cameron ya buɗe gadar, tsawonta wajen rabin mil. A wancan zamani, jirgi da mota hanya ɗaya suke bi a kanta: in jirgi ya taho, sai a tsayar da motoci a bakin gada har taragon ƙarshe ya wuce.