Kafin Mu Ɗaura Tirela A Bayan Motar Ɗan'uwa

Idan kaka ta yi, ikilisiyoyinmu na Talata Mafara, Bakura da Maradun sukan shiga hidimar ɗaukar kaya. Ga buhunan baikon godiya da za a kwaso daga gonaki, ga bencina da janareta da lasifika da za a kai wurin wa'azin bishara a ƙauye, ga tukwanen Zumuntar Mata. Kuɗin hayar a-kori-kura kuwa ba kowace ikilisiya ke iyawa ba. Saboda haka dattawa sukan waiwayi wata tsohuwar ƙaramar tirela mai taya biyu da ta daɗe a bayan gareji, su ce a gyara ta, a ɗaura a bayan motar wani ɗan'uwa. Motar da ido ya fi faɗawa a kai ita ce wadda ta fi gudu, wato irin su Peugeot 505 GTI ko Marsandi V-Boot, domin ana ganin mai ƙarfin inji ita ce mai ƙarfin ja.

Ja ba shi ne wahalar ba. Ko tsohuwar 504, irin wadda aka riƙa haɗawa a Kaduna, za ta ja tirela cike da shinkafar Bakolori. Wahalar tana wurin tsayawa. Yawancin ƙananan tireloli ba su da birkin kansu, don haka birkin motar ne zai tsai da motar, da mutanen ciki, da tirelar, da kayan da ke kanta. An yi birkin ne daidai nauyin motar, ba a yi shi da lissafin buhu goma a baya ba. A Ingila doka ta ce tirelar da ba ta da birki kada ta wuce kilo 750 ita da kayanta, kada kuma ta wuce rabin nauyin motar da ke janta. Mota irin 505 tana da nauyin kimanin kilo 1,200. Rabinsa 600 ke nan. A cire nauyin tirelar kanta, abin da ya rage bai wuce buhu huɗu masu kilo 100 ba. Mun san wannan lissafi ba zai yi wa ma'ajin ikilisiya daɗi ba, amma gara a yi sawu biyu.

Motar gudu tana da wata illa kuma. Cikinta kusa yake da ƙasa, kuma da an danne bayanta sai gaba ya ɗaga, sitiyari ya yi sakwa-sakwa, fitilun gaba su koma haska idon masu tahowa. Injin ba ya nuna gajiya da wuri, direba sai ya manta akwai abu a bayansa, ya taka kamar kullum a kan titin Gusau zuwa Sakkwato. A nan ne tirela takan fara lilo, hagu da dama. In haka ta faru, kada a danna birki da ƙarfi, kada a ƙara wuta. A ɗaga ƙafa daga totur a hankali, a riƙe sitiyari a miƙe har ta natsu. A Ingila ma, a kan titi irin namu mai hannu biyu, mai jan tirela ba ya wuce kilomita 80 a awa, kuma titinsu ba shi da ramuka da shanu kamar namu.

Batun gyaran tirelar kuwa, abin da muka fi gani shi ne a fara da fenti, a rubuta sunan ikilisiya da manyan baƙaƙe. Fenti shi ne na ƙarshe. A fara kifar da ita, a kankare tsatsa, a bubbuga ƙarfen da guduma. Inda ya lotsa ko ya huje, mai walda ya yanke ya sa sabo, musamman doguwar sandar gaba da ke haɗa ta da mota. Sai boris na tayoyi: a kwance, a wanke, in ya ci a sauya, a cika shi da giris. Boris da ya bushe yakan yi zafi har taya ta fice tana gudu. Tayar da ta shekara a tsaye cikin rana takan tsattsage a gefe ko da zanenta bai cinye ba. Tun daga shekarar 2000 ana buga lamba huɗu a jikin taya, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta. A duba.

Mahaɗar ita ce ran abin. Kada a ɗaura tirela a jikin bamba, kada a ɗaura da igiya ko waya. Ƙarfen ja sai an kafe shi da noti a jikin ƙashin motar, a ƙara sarƙa biyu a gicciye a ƙarƙashi, domin in mahaɗar ta kuɓuce sarƙar ta tallafe sandar. A sa fitilun birki da tirafiketa, a gwada su kafin kowace tafiya. Wajen lodi, a sa kaya masu nauyi a ƙasa, fiye da rabi a gaban tayoyi, a ɗaure tamau. Nauyin da ya taru a baya shi ke kawo lilo.

Maimaitawar Shari'a 22:8 ta umarci mai sabon gida ya yi wa rufinsa katanga, domin kada wani ya faɗo alhakin jini ya hau kan gidan. Muna ganin wannan ya shafi dattawan da suka ba da izini a fita da tirela. Don haka kada a ɗauki mutum a kanta, ko 'yan mawaƙa, ko yaran da ke roƙon a rage musu hanya zuwa kasuwar ranar Talata. Kuma da yake 'yan bindiga sun addabi hanyoyin Zamfara a shekarun nan, lalacewar taya a daji bayan la'asar ba ƙaramin abu ba ne. A tashi da safe, a tafi da safaya da jak da suka yi daidai da tirelar, domin na motar ba lalle su shiga ba. Bayan kilomita goma na farko a tsaya a taɓa tsakiyar kowace taya. In hannu bai iya jure zafin ba, a koma wurin bakanike.